Takalmin Baba ya iso Kontagora

Masu ganina ina ɗingishi a hostel satin nan suna cewa ƙwallo na buga, don Allah ku yi haƙuri, ba ƙwallo ba ne. Bari in faɗa sau ɗaya in huta.

Baba ya shekara sama da goma yana tara kuɗin zuwa Urushalima. Duk lokacin da suka ɗan yi kauri, sai wani abu ya taso: taki, asibiti, ƙarshe kuɗin makarantata ya cinye sauran. Bara ya rasu bai je ba. Tun daga nan in na ga rasit ɗin rajistata sai in ji kamar tikitin jirginsa na riƙe.

Bana, 2025, shekarar Jubili ce a wurinmu 'yan Katolika. Fafaroma Francis ya buɗe ta ranar 24 ga Disamba, kuma wanda ba shi da halin zuwa Roma zai iya yin ziyarar ibada zuwa babbar majami'ar yankinsa. Tamu ita ce St. Michael, nan cikin Kontagora. Sai muka haɗu mu biyar, muka ce da ƙafa za mu zo tun daga ƙauyenmu, can bayan Salka. Ni kuma na ɗauko takalmin da Baba yake zuwa coci da shi na sa. Ya fi ƙafata, sai da na cusa tsumma. Wautar da na yi ke nan, amma ko yau aka ce in sake, shi zan sa.

Kwana biyu muka yi, cikin ranar Maris. Mama ba ta so ba, kun san yadda hanyoyinmu suka koma. Samari biyar da jakunkuna suna tafe a gefen titi, wa zai yarda ibada suke? 'Yan banga sun tsayar da mu kafin Ibeto, suka zazzage kayanmu, suka tarar da garin kwaki da rosari. Ɗaya ya juya shi ya ce, "Au, ku ma kuna da carbi?" Shi ya nuna mana inda za mu kwana.

A raina na gama shirya yadda isowar za ta kasance: zan durƙusa gaban bagade in yi kuka, in ce Baba ga shi na kawo ka. Da muka shiga, wajen ƙarfe uku, ko ɗigon hawaye. Wata mama tana shara, fanka tana juyawa, ni kuwa ba abin da nake ji sai zogin diddige. Addu'ar da na haddace tun daga gida ta gudu. Na zauna a bencin baya na cire takalmin, na ajiye shi kusa da ni a kan bencin. Mun daɗe a haka, ni da shi.

Da na fito sai ga abokin ɗakina a bakin get, da ledar fiya wata mai ƙanƙara. Wannan mutumin fa ya yi sati yana tsokanata da "Alhajin ƙafa", kuma azumin Ramadan yake, bakinsa duk ya bushe. Na ce, "Malam, kai da ba za ka sha ba?" Ya ce, "Kai dai sha. Kakan babana ma da ƙafa ya je Makka ta Sudan, ya daɗe bai dawo ba, kai kwana biyu kake mana raki." A nan ne kukan ya zo, a bakin titi, 'yan acaba suna kallona.

Ya goya ni a mashin muka koma makaranta, takalmin a hannuna. Mai notes ɗin lakcar Litinin da Talata ya taimaka min, gwaji ya matso.