Karen da ya koya mana bin sawu

Duk yaron da ya tashi a unguwarmu a Bodinga wajen 2010 ya san falon wani maƙwabcinmu ranar Asabar da hantsi. Idan an kawo wuta, nan muke cika kamar an zuba gero, a saka mana wani faifan DVD da aka sayo a kasuwar Sakkwato. Katun ne cike da shi, amma Scooby-Doo muke jira. Turancin ba jinsa muke ba. Mun dai san Fred ne shugaba, Daphne 'yar gayu, Velma mai tabarau ita ce ƙwaƙwalwa, Shaggy da ƙaton karensa kuwa ci da gudu kawai suka iya.

Sai da na shiga aikin jarida na gane katun ɗin ya girmi wasu iyayenmu. Tashar CBS ta Amurka ta fara nuna shi ranar Asabar, 13 ga Satumba, 1969, daga kamfanin Hanna-Barbera. Joe Ruby da Ken Spears ne suka ƙirƙiro shi, a lokacin da iyaye ke kukan duke-duke sun yi yawa a katun ɗin yara. Su biyun duk sun mutu a 2020. Salon labarin ɗaya ne kullum: fatalwa ta addabi gari, matasa huɗu su bi diddigi, a ƙarshe a cire mata abin rufe fuska, sai ga mutum mai kwaɗayin fili ko dukiya.

Ban san darasi nake ɗauka ba sai wani hutu da aka kai ni Shagari wajen kakata. Na tarar ana maganar wani farin abu mai wuta da ke fitowa da dare a fadama, inda ake ajiyar albasa. Masu gadi suka daina kwana can, albasa kuma tana ta raguwa. Abin da ya fi muni, an fara nuna wata tsohuwa marar kowa da baki, wai mayya ce. Ko ƙosanta an daina saye.

Da sassafe mu uku muka sulale muka je, ƙafafuna na rawa. Me muka gani? Sawun takalmin roba da na jaki, sun miƙe har bakin titi. Na ce a raina, yau ga aljani da jaki! Da muka dawo kakata ta ɗaga murya: "Mi yak kai ku can, ɗiyan nan?" Na sha rankwashi, amma kawuna ya saurare ni. Bayan kwana biyu manya suka yi kwanto, suka kama wani mutum lulluɓe da farin zane, da fitila cikin tukunya mai huji. Tsohuwa ta koma suyar ƙosanta, kodayake ban ji wanda ya je ya ba ta haƙuri ba.

Kada a yi mini mummunar fahimta. Ni Musulmi ne, na yarda akwai aljanu. Abin da nake cewa shi ne, sau da yawa ɗan Adam ne ke yin ta'asa ya laɓe a bayansu.

Nan ne nake da ƙorafi ga 'yan fim ɗinmu. Da labari ya cije, sai a garzaya wajen boka, ko a yi siddabarun kwamfuta mutum ya ɓace. Yaron da ke kallo me ya koya, banda zargin kishiyar uwarsa? Furodusoshi da daraktoci, don Allah a gwada mana fim ɗin yara masu bincike, ko da guda ɗaya ne. Ba ya buƙatar kuɗi masu yawa: ɗalibai huɗu, tsohuwar mota, da marubuci mai natsuwa. In ana neman lokeshan, fadamar Shagari tana nan, ni zan yi jagora.