Mai Taurin Kai Ne Ke Barin Sawu

To, tunda yara sun shige ɗaki, shayi na biyu ma bai nuna ba, bari in amsa tambayar da kuka dame ni da ita: me na samo game da kakan babana da nake ta zaryar Yamai a kansa? Amma maganar nan ta tsaya a tabarmar nan. Akwai abin da ko Inna ban gaya wa ba.

Takardar Bature ba ta ganin talaka sai ran da ake neman wani abu a wurinsa: lanho, aikin dole, soja, ko shari'a. In kakanku manomi ne mai biyan lanho a kan kari, bai yi rigima da kowa ba, bai gudu ba, da wuya ku ga sunansa. Yana cikin jimillar "mutum kaza" da kumandan ya rubuta a rahoton rangadi, shi ke nan. Ni dai na yi sa'a, namu mai taurin kai ne.

Kafin mutum ya taka gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Yamai, ya fara zama da tsofaffin matan gidansu. Yaya, daina dariya, da gaske nake. Maza suna ba ka labarin yaƙi da sarauta, mata su ke riƙe da wa ya auri wa, wa aka yaye a gidan wa, wace rijiya aka bari aka tashi. Su ne kuma za su ba ka sunayen mutumin duka, don mutum ɗaya yana da sunan yanka, da na rana, da laƙabin da alkunya ta sa matansa suke kiransa da shi. Ba ka san wanda tafinta ya ji ya faɗa wa magatakarda ba. In ka je da suna ɗaya tak, za ka wuce kakanka a shafi ba ka gane shi ba.

Sai shekaru. Tsohuwa ba za ta ce maka 1931 ba, za ta ce shekarar fara. Kai ne za ka ɗora lissafi. Sojojin Voulet da Chanoine sun ƙone Lugu a watan Afrilun 1899. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ce. A 1931 fara ta cinye hatsi, yunwa ta kashe mutane da yawa a yammacin Nijar, wasu suka tsallaka ƙasar Ingilishi. An soke aikin dole a 1946, aka sami mulkin kai a 1960. Da aka ce mini kakan babana yana da mata biyu da ƴaƴa masu tafiya da ƙafarsu a shekarar fara, amma yana goye lokacin da aka ƙone Lugu, sai na san inda zan sa shi. Kada ku yarda da shekarar da ke kan takardar haihuwa ta tsofaffi. Yawancinsu alƙali ne ya dubi fuska, shaidu biyu suka gyaɗa kai, aka rubuta "wajen shekara kaza".

Wani abin da ke ɓatar da mutane shi ne iyaka. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato, Matankari da Dogon Dutsi suka faɗa cikinta, wato a takarda ɓangaren Ingilishi muke. Faransawa suka ga ba su da hanya mai ruwa zuwa Damagaram, aka sake zama a 1904 da 1906, aka ja layin kudu. Danginmu Arawan Kangiwa suka zauna can, yau suna jihar Kebbi. Saboda haka rabin labarin gida ɗaya yana iya kasancewa a Yamai, ɗaya rabin a Kaduna cikin takardun Lardin Sakkwato. Ke kuma Hajiya, da kike ƴar Geceme, kada ki je kina neman takardun Tibiri a keɓe. Sai a 2011 Tibiri ta zama gunduma mai cin gashin kanta, kafin nan duk ƙarƙashin Dutsi kuke, takardun Dutsi kuwa da yawa suna cuɗe da na Doso.

In jinin sarauta ne, aikin ya fi sauƙi, ya kuma fi haɗari. Ayarin Tilho da ya auna iyaka daga 1906 zuwa 1909 yana da tafinta, Landeroin, wanda ya bi fada-fada yana rubuta jerin sarakuna. Daga baya Marc-Henri Piault ya zauna a ƙasar nan, ya fitar da littafinsa kan tarihin Mawri, wato mu Arawa, a 1970. A irin waɗannan za ku ga zuriyar Ari ɗan sarkin Barno da ɗansa Akazama, da Sarkin Arewa na Matankari, da Samna na Tibiri, da Kona na Dutsi, da Baura na Bagaji, da Sarauniya ta Lugu. Sai dai ku tuna, wanda ya zauna gaban Bature yana jero kakanni, sau da yawa rawani yake nema wa kansa ko ɗansa. Reshen da ba a so sai a tsinke shi shiru. Kuma a nan kowa jikan Ari ne in ka tambaye shi. Ina Gubawan da Ari ya tarar suka tafi? Suna nan, wasunmu da ke zaune a tabarmar nan su ne.

Baki ma yana da nasa tarkon. Sarauniya Mangu kaɗan takardun Faransawa suka faɗa a kanta. Littafin Abdoulaye Mamani na 1980 da fim ɗin Med Hondo na 1986 su suka kai sunanta duniya. Yanzu sai ka zauna da dattijo yana ba ka labarinta da rantsuwa, can ka lura fim ɗin yake maimaita maka. Ni nakan tambaya a hankali: Baba, wa ya gaya maka wannan, kuma shi a bakin wa ya ji?

Malam yana kallona, na san ajami zai tambaya. Akwai ɗakin rubuce-rubucen Larabci da ajami a cibiyar IRSH ta Yamai, wanda aka gina a kan abin da Boubou Hama ya tara, kuma gidajen malamai sukan rubuta haihuwa da rasuwa a gefen littafi. Amma mu faɗi gaskiya, a ƙasarmu ta Arawa sallah ba ta game ƙauyuka ba sai bayan yaƙin duniya na biyu. Kakannin yawancinmu azna ne, masu bori da dutsen Tunguma. Wanda wannan zai ɓata wa rai, ya bar binciken tun yanzu.

Waɗanda suka fi kowa sa'a jikokin mazan jiya ne. Soja yana da lamba, da littafin aiki, da kwatancen jiki: tsawo, tabo, har tsagen nan namu da ya tashi daga gefen baki zuwa kunne ana iya samunsa a rubuce. Takardun da yawa daga cikinsu suna garin Pau a Faransa, waɗanda suka mutu a yaƙin 1914 zuwa 1918 kuma akwai sunayensu a intanet, a shafin Mémoire des hommes. Ku fara duba ƙasan adakar tsohuwa, lambar kaɗai ta isa ta buɗe ƙofa.

Yanzu ga nawa. A gidanmu ana cewa kakan babana ya tafi karatu Argungu, ya daɗe, ya dawo. Haka aka gaya wa babana, haka ya gaya mini. A rajistar hukunci na same shi, da laƙabinsa, ba sunan yanka ba, da sunan ubansa da ƙauyenmu. An ɗaure shi don ya ƙi fita aikin gwadabe. A wani rahoto na bayan shekarar fara kuma, gidansa yana cikin waɗanda suka tsallaka iyaka ba su biya lanho ba. Argungun dai gaskiya ce, karatun ne ban gani ba. Na fi son wannan mutumin da wanda aka ba ni tun ina yaro.

Matansa biyu ko sunansu babu. Adadi ne kawai a gefen nasa, su da ƴaƴa da jaki.

Abin da ban gaya wa Inna ba yana layi na ƙasa. An rubuta wanda ya kai ƙararsa gun kumandan, mai garin lokacin. Kakan Inna ne, wanda ya haifi babanta, wanda take yi wa sadakar fura duk Juma'a. Shi ma ba da son ransa ba, na sani, in bai kawo adadin mutanen da aka ɗora masa ba shi za a tuɓe ko a ɗaure. Jikan wancan ya auri jikar wannan, aka haife ni. Ƙanwar babana ta ƙarshe tana nan da rai a Kore Mairuwa, kuma tunda na karanta layin nan na gane abin da ya sa ba ta taɓa kwana a gidan su Inna ba. Ran kasuwa zan je in gaishe ta, in ga ko za ta fara maganar da kanta.