Mun Kai Jinjira Koyon Iyo

Bahaushe ya ce ruwa ba sa'an kwando ba ne, kuma in aka dubi yadda muke renon 'ya'yanmu sai a ga kamar kowane yaro kwando muka ɗauke shi. Tun bai san hagu da dama ba ake cusa masa tsoron ruwa, a ce masa akwai dodo a rijiya, akwai 'yan ruwa a kogi, kududdufin bayan unguwa kuwa duk shekara sai ya ci mutum. Wanda ya saci jiki ya tafi wankan tafki, in ya dawo da farin jiki da jan ido, to bulala ce abincin darensa. A kan wannan tarbiyya aka rene mu a birnin Kano, mu biyun, miji da mata, har muka yi aure ba wanda ya iya iyo a cikinmu.

Neman ilmi ya kawo mu birnin Landan a shekarar 2022, a shekarar da ta biyo baya kuma Allah Ya azurta mu da 'ya mace. Muka sa mata sunan Hajiya, kakarta ta wajen uba, saboda haka muke kiranta Ummi. Tana da wata huɗu, ma'aikaciyar lafiyar nan mai bibiyar masu jego ta ba mu labarin cewa akwai wurin da ake kai jarirai koyon iyo a unguwarmu. Ta ƙara da cewa hukumar lafiya ta Ingila ba ta hana a shiga da jariri kwamin ninƙaya ba, ko an gama yi masa rigakafi ko ba a gama ba.

Mai karatu zai ce, me ya kai ɗan Kano wannan bidi'a? To, akwai dalili. Maigida yana ɗan shekara tara, wani abokinsa da suke makarantar allo tare ya faɗa kududdufin unguwarsu, irin ramukan nan da aka haƙa tun kaka da kakanni don ɗibar ƙasar gini. An hana yaron nan zuwa wurin ya fi sau shurin masaƙi, an kuma dake shi a kai. Ranar da abin ya faru manyan mutane sun fi ashirin a bakin ruwan, ana salati ana kai-kawo, amma babu mutum ɗaya da zai iya shiga. Sai da aka nemo masunta, bayan la'asar suka fito da gawarsa. Wannan abu ya nuna mana cewa hani kaɗai ba ya tsare yaro, tsoron manya kuma ba ya fid da wanda ya riga ya faɗa.

Da muka faɗa wa Hajiya ta waya, sai da ta yi salati sau uku. “Ku yaran nan kanku ɗaya kuwa?” in ji ta. “Takwarar tawa za ku tsoma a ruwan Turawa da wannan sanyi naku? Ni da na so a kawo mini uwarta wankan jego ban samu ba, shi ne za ku ƙara mini da wannan?” Muka ce, “Hajiya, ki yi haƙuri, ruwan da ɗumi, kuma a hannun ubanta za ta kasance.” Ta ce, “To, ku yi mata addu'a kafin ku shiga, in kun fito kuma ku shafe ta da man zafi.” Muka ɗauki addu'ar, man zafin kuwa muka musanya shi da man kaɗanya, don fatar jinjiri ba ta jure wancan.

Wurin ƙaramin kwami ne a cikin gini, an ɗumama ruwansa zuwa digiri 32 a ma'aunin salshiyas, zurfinsa iya ƙirjin babban mutum. Jarirai bakwai ne a ajin, kowanne da uwarsa ko ubansa, darasin kuma rabin awa ne sau ɗaya a mako, domin jikin jariri ba ya riƙe ɗumi kamar na babba. Ana ɗaura wa kowane yaro kunzugu biyu, na ciki da wani mai matse cinya da ƙugu, don kada ya ɓata ruwan. Maigida ne ke shiga da Ummi, uwarta na zaune a gefe da tawul, sai ranar da aka keɓe wa mata zalla ita ma ta shiga.

Makonnin farko ba a yin komai sai wasa da waƙa. A kwantar da yaro rigingine, ƙeyarsa a kafaɗar ubansa, a yi ta tafiya da baya sannu-sannu. A kira sunansa, a faɗi wata kalma guda wadda ba a canzawa, sa'annan a zuba masa ruwa kaɗan a ka, har ya gane cewa in ya ji kalmar nan sai ya runtse ido ya rufe baki. Sai a mako na biyar malamar ta ce za a nutsar da su na daƙiƙa ɗaya zuwa biyu. Allah Ya sani, hannun maigida rawa yake yi. Ummi ta nutse ta fito, ta ƙyafta ido, ta dube mu kamar mai tambayar ko lafiya, sa'annan ta kama gemun ubanta ta yi dariya.

A nan ne ya kamata mu ja kunnen 'yan'uwa, don mutum na iya ganin haka ya ce ai jariri da iyawarsa ake haihuwarsa. Ba haka ba ne. Tun a shekarar 1939 wata masaniya Ba'amurkiya, Myrtle McGraw, ta bayyana cewa sabon jariri in aka kifa shi a ruwa yakan riƙe numfashi ya motsa hannuwa da ƙafafu kamar mai iyo. Sai dai wannan halitta ce ba koyo ba, tana kuma raguwa in yaro ya kai kamar wata shida, sa'annan ba ta ba shi ikon ɗago kai ya shaƙi iska. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce a 2019 koyon iyo na iya rage haɗarin nutsewa ga yaran da suka cika shekara ɗaya, amma ba ta ga hujjar cewa darasin jarirai 'yan ƙasa da shekara yana yin haka ba. Ita ma malamarmu ba ta ɓoye mana ba. Ta ce, “Ɗalibaina na gaskiya ku ne iyaye.”

Maganarta dutse. A ajin nan muka san cewa mai nutsewa ba ya ihu ba ya ɗaga hannu kamar yadda ake nunawa a fim, shiru abin ke faruwa, cikin ɗan lokacin da bai kai na ɗauko sabulu daga ɗaki ba. A nan muka san cewa ruwan da bai wuce tsawon ɗan yatsa ba ya isa ya kashe mai rarrafe, ke nan bokitin wanki da baho da randa duk abin lura ne. Aka koya mana kada mu nisanci yaro a ruwa fiye da inda hannu zai kai, da yadda ake hura wa jariri numfashi a danna ƙirjinsa in ta ɓaci. Daga baya mu ma muka sa suna a ajin manya, gemai-gemai da mu muna koyon hura kumfa. Da muka kwashe wannan bayani muka faɗa wa Hajiya, ba ta ce mun yi daidai ba, amma a makon nan ta sa aka yi wa rijiyar tsakar gida murfin ƙarfe da kwaɗo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a shekarar 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. A ranar 30 ga Nuwamba na wannan shekarar ce kwale-kwale ya kife a madatsar ruwan Watari da ke Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu tafiya Mauludi. Iyo kaɗai ba zai magance lodin da ya wuce kima da rashin rigar ruwa ba, amma yana ba mutum 'yan mintoci, 'yan mintocin nan kuwa su ne tsakanin ceto da jana'iza.

Ba muna cewa a kwashi jarirai a nufi kududdufi ba ne, iyayenmu sun yi gaskiya da suke gudun tsargiya da ƙazantar da ke cikinsa. Haka kuma ba sai da kwami mai ɗumi irin na Landan ba. A Bangladash, da gora suke kafa shinge a cikin tafkunan ƙauye su koya wa yara iyo, ƙanana kuma a tara su wuri guda ƙarƙashin kulawar wata mata a lokacin da iyaye mata ke aikin gida. A Ingila, manhajar firamare ta tanadi cewa yaro ya iya ninƙayar mita 25 kafin ya gama. Mu ma ai ba baƙin abin ba ne, wanda ya taɓa ganin Kabawa a Matan Fada lokacin bikin kamun kifi na Argungu ya san Bahaushe ya iya ruwa in ya tashi da shi.

Saura mu marubuta. Mun gaji tatsuniyoyin da suka mai da ruwa gidan dodo da aljanu, yaro kuma abin da ya ji a labari shi yake riƙewa. Lokaci ya yi da za mu rubuta masa labarin yarinyar da ta faɗa kogi ta juya rigingine ta tsira, da na uwar da ta kifar da bokiti kafin ta shiga kicin, da na malamin da ya kai almajiransa wurin masunta suka koyi iyo. Ajali dai na Allah ne, amma Shi ne Ya umarce mu da riƙon sababi. Allah Ya raya mana zuriya, Ya tsare su a tudu da ruwa, amin.