Fistol a Ƙugun Mutumin Daura

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, ku daure ku karanta, musamman ƙannena matasan Daura, Mai'aduwa, Sandamu, Zango da Baure.

Akwai maganar da ta daɗe tana yawo a majalisunmu, kuma duk sanda aka kai wani mummunan hari a jihar Katsina sai ta sake tasowa: wai a ƙyale kowa ya mallaki bindiga ya riƙa yawo da abinsa, kamar yadda ake yi a Amurka. Da can maganar ƙauyukan bakin daji ake yi. Yanzu ta shigo gari. Sai ka ji saurayi mai shagon waya, ko ɗan kasuwar da ke cin kasuwar Mai'aduwa ran Lahadi, yana cewa shi da zai samu 'yar ƙaramar bindigar nan, fistol, ya soke ta a ƙugu ya saki riga a kai, da ya huta da fargaba. Ni kuwa ina ganin ranar da fistol ta zama abin sakawa a aljihu a Daura, tsohuwar fargabarmu tana nan inda take, sai dai mu ƙara wata sabuwa a kanta.

Ban raina tsoron kowa ba. Ranar 1 ga Mayu, 2019, bayan sallar magariba, 'yan bindiga suka zo da mota har ƙofar gidan Magajin Garin Daura, Alhaji Musa Umar, suka yi harbi sama, suka tafi da shi. Sai da ya yi kimanin wata biyu a hannunsu kafin jami'an tsaro su ceto shi a Kano. Ranar 11 ga Disamba, 2020, aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, alhali marigayi Shugaba Muhammadu Buhari yana nan gida Daura. A watan Yulin 2022 kuma aka buɗe wa ayarin motocin fadar shugaban ƙasa wuta kusa da Dutsinma, suna kan hanyarsu ta zuwa Daura shirin babbar salla. Wanda ya ga haka, ya ce gara ya nemi abin kare kansa, ba za ka kira shi mahaukaci ba. Su kansu masu mulki sun faɗi haka. A 2021 gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya yi kira ga mutanen yankunan da abin ya shafa su nemi makami su kare kansu. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ce wa Zamfarawa su nemi lasisin bindiga, har babban hafsan tsaro na wancan lokaci, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin.

To amma mu tsaya mu dubi yadda 'yan bindigar nan suke zuwa. A Batsari, Safana, Jibiya, Ɗanmusa, Faskari da Sabuwa, kowa ya san labarin: babura da yawa, goyon biyu ko uku, kowanne rataye da AK-47, galibi cikin dare ko da asuba, kuma sun riga sun san gidan da suka nufa domin wani ya tsegunta musu. Fistol makamin kusa ne. Ko jami'in da ya sha horo yana kuskuren saiti da ita in nisa ya ɗan ƙaru, balle wanda bai taɓa ɗana kunama ba sai a daren da aka ɓalle masa ƙofa, hannu na rawa, yara na kuka. In kuwa suka tare mota suka lalube ka suka same ta a jikinka, ka tashi daga wanda za a nemi kuɗin fansarsa ka koma ɗan sa-kai a idonsu, kuma kowa ya ji abin da suke yi wa wanda suka ɗauka ɗan sa-kai ne.

Ke nan a ina za a harba wannan fistol ɗin? Nan ne hankalina ya fi tashi. Mutumin da ke yawo da ita zai iya shekara goma bai haɗu da ɓarawon daji ba. Amma kullum zai haɗu da mu. Zai haɗu da ɗan acaɓan da ya goge masa mota a shataletale. Zai haɗu da wanda ya shige masa gaba a layin gidan mai, da abokin cinikin da ya riƙe masa kuɗi tun bara yana ta yi masa gobe-jibi, da ɗan baffansa da suke ja-in-ja kan iyakar gona duk farkon damina. Zai je kallon ƙwallo a yi masa tsiya, zai je taron siyasa a zagi ubangidansa, zai koma gida da ɓacin rai ya tarar da wani ɓacin ran. Duk waɗannan faɗace-faɗace muna yin su yau ma. A cakumi kwala, a yi zage-zage, wani lokaci har a fasa baki. Daga nan sai wani dattijo ya taso daga kan tabarmarsa ya shiga tsakani, ya ce kai wane ka ji kunya, kai kuma ɗan gidan wane ne, haba. Mai shayi ya riƙe wannan, mai nama ya janye wancan. Bayan kwana biyu ka gan su sahu ɗaya a masallaci.

Wannan shiga tsakanin babbar dukiya ce, kuma ba mu san darajarta ba saboda mun tashi mun tarar da ita. Abin da ya sa dattijon yake iya tasowa shi ne ya tabbata mafi munin abin da zai same shi bai wuce a ture shi ba. Ran da ya fara zargin cewa ɗaya daga cikin yaran nan biyu yana da wani abu a ƙarƙashin riga, ba zai taso ba, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Ba sai kowa ya mallaki fistol ba kafin haka ta faru. Ya isa a ce an san wasu suna da ita, ba a san ko su wane ne ba. Daga nan mai rabon faɗa ya zama ɗan kallo daga nesa, mai bin bashi ya ji tsoron zuwa ƙofar gidan wanda yake bi, malamin makaranta ya yi tunani sau biyu kafin ya tsawata wa ɗan wani. Ku ƙara da matsalar ƙwaya da ta addabi matasanmu, da ƙaurayen da 'yan siyasa ke tarawa duk lokacin zaɓe. Yaron da yau yake ɗaukar gora ko adda a bakin naira dubu biyu, me kuke tsammani zai ɗauka in fistol ta yawaita ta yi araha?

Masu kafa hujja da Amurka, don Allah mu kalli Amurkar da kyau. Gaskiya ne gyara na biyu na kundin tsarin mulkinsu, tun 1791, ya ba su 'yancin riƙe makami. A watan Yunin 2022 kotun ƙolinsu ta yanke cewa 'yancin ya haɗa da fita da ƙaramar bindiga bainar jama'a, kuma jihar Texas tun Satumban 2021 ta yarda baligi ya yi yawo da ita ba tare da lasisi ba. Amma a 2021 kaɗai, alƙaluman hukumar lafiyarsu sun nuna mutum fiye da 48,000 ne harsashi ya kashe, kuma fiye da rabinsu su suka harbe kansu. Wannan fa ƙasa ce mai motar ɗaukar marasa lafiya da ke isowa cikin mintuna, da likitocin tiyata a shirye dare da rana. Mu nan wanda aka harba a ciki a wani ƙauyen Baure, sai an nemo mota, sai an nemo jini, wataƙila sai an garzaya da shi Katsina ko Kano, in ya kai.

Wani zai ce ai mu ma ba baƙin makami ba ne, kuma gaskiyarsa. Tarihin garin nan kansa da makami ya faro: labarin da aka gada ya ce maƙeran Gaya ne suka ƙera wa Bayajidda makamin da ya kashe macijin rijiyar Kusugu da shi. Duk wanda ya taɓa kallon hawan salla ko Sallar Gani ya ga 'yan bindiga suna barin wuta da albarushi, ya ga masu sulke da 'yan lifidi, ga takubba ga masu. Buzaye suna shigo mana da takobinsu a rataye ba wanda ya razana. Maharbi yana ratsa gari da kwari da baka ko da bindigarsa harba-ka-ruga. Sai dai ku lura, duk waɗannan makamai a fili suke, kuma kowanne akwai wanda zai amsa tambaya a kansa. 'Yan bindigar fada suna da shugabansu, maharba suna da sarkin baka, dogari yana da ubangida. In abu ya faru an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Na yarda kakanninmu matafiya sukan ɗaura wuƙa a damtse su rufe da hannun riga. Amma wuƙa sai ka matso, sai ka kai hannu, kuma a wannan ɗan tsakanin ana iya riƙe ka, kai ma zuciyarka tana iya sanyi. Harsashi ba ya ba da wannan damar, kuma in ya kuskure wanda aka nufa yakan faɗa kan yarinya mai tallar gyaɗa da ke wucewa.

Addininmu bai hana kare kai ba. Malamai sun karantar da mu cewa wanda aka kashe yana kare dukiyarsa ko iyalinsa ya yi shahada. Amma sun kuma karantar da mu, daga Bukhari da Muslim, cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya damƙe tsininsu don kada ya ji wa wani Musulmi rauni, ya kuma hana mutum ya nuna ɗan uwansa da makami, domin bai san sanda Shaiɗan zai fizgi hannunsa ba. Kasuwa da masallaci aka ambata, wuraren da mai fistol ɗinmu yake son shiga da ita kullum. In an yi wannan taka-tsantsan a kan kibiyar da ke cikin hannu ba a ɗana ta a baka ba, ina ga bindiga mai harsashi a ciki, a sahun sallar Juma'a, kafaɗa da kafaɗa?

Ga kuma doka, wadda na lura da yawa masu wannan magana ba su san abin da ta ce ba. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Bindigar gargajiya irin ta maharba, kwamishinan 'yan sandan jiha ke ba da izininta. Bindigar farauta ta zamani, sai da lasisin Sufeto Janar. Fistol da libarba kuwa suna rukunin haramtattun makamai, tare da bindigogin soja da gurneti, kuma shugaban ƙasa kaɗai ke da ikon ba da lasisinsu. Wanda aka kama da ita ba izini yana fuskantar ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. A 2023 ma rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da bayar da lasisin ƙananan makamai. Saboda haka duk saurayin da ke cewa zai samo fistol, a kasuwar bayan fage zai samo ta. Mu kuwa a bakin iyaka muke, daga Daura zuwa Kwangwalam ɗan taƙi ne, ga hanyoyin daji barkatai, kuma tun bayan rushewar gwamnatin Gaddafi a Libiya a 2011 makamai ke kwarara cikin yankin Sahel. Dillalin da zai sayar maka da fistol ba ya tambayar halinka. Gobe shi ne zai kai wa ɓarayin dajin Rugu harsashi, kuma kuɗinka na cikin jarinsa.

Batun ƙauyen da aka hana noma, aka sa wa haraji, aka kwashe wa mata, wannan daban ne, kuma ba ni da bakin ce wa mutanensa su naɗe hannu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma ko a can, abin da ke da amfani shi ne tsaron da aka tsara: mutanen da aka tantance, aka horar, aka rubuta sunayensu, aka san yawan makaman da ke hannunsu da inda suke kwana. A kan wannan tunani ne Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jihar Katsina a watan Oktoban 2023. Mun kuma ga abin da ya biyo baya a Zamfara da wasu sassan jiharmu lokacin da 'yan sa-kai suka riƙa yanke hukunci da hannunsu a kasuwanni: ramuwar gayya ta faɗa kan garuruwa, wanda bai ji ba bai gani ba ya biya. In mai makamin da aka sani ma sai an sa masa ido haka, wanda ba a sani ba fa?

Masarautar Daura, in aka kwatanta da yammaci da kudancin jihar, Allah Ya rufa mana asiri ƙwarai. Har yanzu ana zaman shayi har dare, ana tafiya gona, ana cin kasuwa. Ƙarfin da matasanmu ke sawa wajen mafarkin fistol, ina roƙon su juya shi kan waɗanda muka zaɓa, daga kansila har sanata: a ƙara jami'ai a ofisoshin 'yan sandan ƙananan hukumominmu biyar, a ba su motoci da mai, a sa ido a kan hanyoyin da ke ɓullewa ta iyaka, a samar da lambar da in an kira cikin dare za a ɗauka. Masu unguwanni da dagatai su san baƙon da ya kama haya a unguwarsu da sana'arsa. Kai kuma da ka san ƙaninka ko abokinka ya riga ya sayo ta ya ɓoye, kada ka rufa masa. Ka sami mahaifinsa ko mai unguwa, a san yadda za a bi ta hannun hakimi a miƙa ta ga hukuma, tun bai fito da ita a kan wani ba.