Zaman Uwaye a Madarunfa

Daga Jibiya zuwa Ɗan Isa harshe bai canza ba, kuɗi ne suka canza: naira ta koma sefa, lissafi ya koma na dala da jaka. Na kwana Maraɗi, da hantsi ɗan kabu-kabu ya kai ni wani ƙauye a yankin Madarunfa, ranar da mata ke zamansu na mako.

Na same su kan tabarmi a gindin darbejiya, galibi da goyo, ga akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku a tsakiya. Tsarin Mata Masu Dubara ke nan, wanda ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, ya kuma bazu ƙasashen Afirka da dama. Kowace ta zuba abin da aka amince, ko da dala ashirin ce. Mai bukata ta ranta ta ja jarin ƙuli-ƙuli, an kuma ware ɗan asusu domin ciwo da haihuwa.

Sai da aka kulle akwati aka shiga maganar yara. Shugabar zaman, wadda kowa ke kira Inna, ta fito da ɗan ƙyallen awo mai launi uku tana zagaya damtsen yara ɗaya bayan ɗaya. Kore lafiya lau. Rawaya a tashi tsaye. Ja, wato ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani, sai gidan likita. A da aikin ma'aikatan lafiya ne kaɗai, sai ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka gwada a Miriya ta jihar Damagaram cewa uwa ma za ta iya, ko ba ta taɓa shiga aji ba. Mutanen nan ba su manta yunwar 2005 ba, lokacin da cibiyoyin tamowa na Maraɗi suka cika maƙil, shi ya sa ba mai wasa da awon.

Gardama ta tashi ne kan ruwa. Wata mai ɗan fari ta kawo kukanta: an ce mata nono zalla har wata shida, amma surukarta ta rantse ba za a bar mata jika da ƙishi cikin zafin bazara ba. Da ta juya baya sai a ɗura wa yaron ruwa ko bauri. Ba wadda ta ce mata ta yi jayayya, wace amarya ce za ta ɗaga wa uwar miji murya? Aka yanke cewa Inna da wata tsohuwa za su bi dare su kai wa surukar gaisuwa, su gayyato ta zama na gaba. Haka, in ji su, suka ci nasara kan dakashi, nonon farko da ake matsewa a zubar a da: kakanni aka fara shawo kansu.

A ganina ƙarfin zaman a nan yake. Malamar asibiti za ta faɗi gaskiya ta tafi, amma wanda zai shiga ɗakin suruka sai tsararta. Akwatin kuwa shi ke hana taron watsewa, don mace ba ta fashin zaman da kuɗinta ke ciki, miji ma bai cika hana ta ba.

An ɗan taɓo kunun gero da garin wake da zogale, da wahalar kwanika, aka wuce. Abin da suka daɗe a kai shi ne maza: da rani yawancinsu sun tafi ci-rani Kano ko Legas, yaro ya kwana da zazzaɓi, uwa na jiran izini ta waya. Ranar, yarinya ɗaya awonta ya faɗa ja. Aka sake buɗe akwati, aka ƙirga wa uwar kuɗin babur, wata ta ba ta aron waya ta kira maigidan.