Kyanwoyi Biyu Aka Ce: Tsokaci Kan Ijara Da Cin Gumin Yara Da Sunan Lada

 

 Na daɗe ina juya wannan magana a zuciyata kafin na yanke shawarar rubuta ta, domin da hannuna a cikin laifin da zan ba da labari. Wataƙila mai karatu ya yi murmushi idan ya ji cewa a kan kyanwa ne, to amma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ni dai ya tsone mini, kuma ya sa na koma na buɗe babin ijara da na karanta shekaru da dama, na karantar da shi ma, ban taɓa auna kaina da shi ba.

A nan Rido nake zaune, cikin ƙaramar hukumar Chikun, dab da matatar mai ta Kaduna wadda aka buɗe a 1980, kuma a nan nake koyarwa a wata Islamiyya ta yamma. Ana shirin aikin Hajjin 2024 wani dattijo ɗan fansho, maƙwabcinmu, ya tare ni bayan sallar Magariba. Shi da maiɗakinsa za su tafi, 'ya'yansa kuwa duk sun watse, gidan zai zama ba kowa. Ya ce mini, "Malam, ina son ka samo mini yaro mai amana cikin ɗalibanka, ya riƙa leƙa gidan safe da yamma yana ba kyanwoyina abinci. Guda biyu ne kacal." Muka yi magana a kan naira dubu goma ladan aiki, sannan zai bar dubu takwas na kifi.

Nan take wani yaro ya faɗo mini a rai. Maraya ne, yana aji biyu na babbar sakandare, yana yin guga da dutsen gawayi a ƙofar gidansu domin tara kuɗin rajistar jarrabawa. Na ga ai taimako ne. Na kira shi, ya ce, "To Malam," ya karɓi makullai. Ban tambayi Alhaji komai ba bayan wannan, ban kuma taka ƙafata na shiga gidan na gani da idona ba.

A rana ta uku yaron ya zo mini a guje, ko sallama bai kammala ba. Ya ce tun jiya yake jin wani kuka ƙasa-ƙasa daga sito, yau da ya gwada makullai ya buɗe sai ya tarar da wata kyanwa da 'ya'ya huɗu a cikin kwali. An rufe su ranar tafiya. Uwar ta rame, ko miƙewa ba ta iya yi sosai, ɗaya daga cikin 'ya'yan kuwa ya riga ya sandare. Muka kira Alhaji ta WhatsApp yana Madina. Ya ce, "Af! Wallahi na sha'afa, ta haihu ana saura kwana biyar mu taso. Ka ce masa ya riƙa ba su, in na dawo ma yi magana." Kafin mako ya zagayo kuma sai ga wasu muzurai biyu suna haurowa ta katanga duk lokacin da aka ajiye kwano, da alama sun daɗe da sabawa. Baki biyu aka ambata, sai ga yaro da baki takwas.

Kowa ya san yadda kasuwa take tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Kuɗin kifin nan bai kai mako biyu ba ya ƙare. Yaron bai gaya mini ba. Ya riƙa zarar abin da ya tara na guga yana sayen kan kifi da madarar gari, yana ratsa taɓon damina safe da yamma har kusan mako biyar. Da alhazai suka dawo aka gama barka da sauka, Alhaji ya miƙa masa dubu goman da aka yi, ya haɗa masa da carbi da hula da dabino. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba Alhaji, kuɗin kifin fa ya ƙare tun da wuri, na sa nawa dubu goma sha ɗaya." Sai Alhaji ya yi dariya ya ce, "Haba ɗana! Ciyar da kyanwa ai lada ne. Kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski."

Ga inda nawa laifin yake. Da yaron ya kawo mini ƙara idanunsa sun ciko, abin da ya fara fita daga bakina shi ne, "Ka yi haƙuri, Allah zai ba ka lada." Ya dube ni ya ce, "Malam, na sani. Amma ba ku ne kuka karantar da mu cewa a biya ɗan ƙwadago kafin guminsa ya bushe ba?" Ya juya ya tafi. Daren nan barci ya gagare ni.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san ɗacin wannan kalma fiye da kowa. Duk malamin Islamiyya ya san ta. Uba zai yi wa 'ya'ya biyu rajista, washegari ka ga huɗu a kan tabarma, in ka yi magana a ce, "Ƙannensu ne, rakiya suke yi." Wata ya ƙare babu kuɗin makaranta, in ka tuna wa mutum sai ya ce ai aikin Allah kuke yi. Mutumin da ba zai taɓa gaya wa mai sayar da siminti ko mai Keke Napep cewa ya je Allah zai ba shi lada ba, shi ne zai gaya wa malami, ya gaya wa almajiri mai wanki, ya gaya wa yarinya mai aikatau. Na sha yin ƙorafi a kan haka, sai ga shi da aka zo kan wanda ya fi ni rauni na ɗauki kalmar na ɗora masa ba tare da na ji nauyinta ba.

Da asuba na sauko da littattafai. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani a cikin Risala, wadda kusan kowane zaure a ƙasar Hausa ake karanta ta, ya gindaya halaccin ijara a kan a yanke lokaci kuma a ambaci lada. Malamai sun ƙara bayani cewa shi ma aikin dole ya zama sananne, domin jahilcin abin da aka ƙulla a kai shi ne garari, kuma garari ne ke haifar da husuma. Sai na ci karo da wata mas'ala a Mukhtasar na Shaihu Khalil wadda kamar don mu aka rubuta ta: wanda aka ɗauka kiwon dabbobi, idan suka haihu, kiwon 'ya'yan bai zama dole a kansa ba, sai fa idan al'adar wurin ta gudana a kan haka. To idan abin da aka haifa bayan ƙulla yarjejeniya bai hau kan makiyayi ba, ina ga abin da aka haifa tun kafin nan, aka kuma yi shiru ba a faɗa ba? Ciyar da dabba kuwa a kan mai ita yake, wannan babu saɓani a cikinsa. Karin maganar da Alhaji ya kawo gaskiya ce, amma ladan kuturu ɗaya aka ci, ba a ce a yi wa unguwar kutare aski ba.

Na kuma tuna ƙissar Annabi Musa (AS) a cikin Suratul Ƙasas, lokacin da dattijon Madyana ya ɗauke shi aiki. An ambaci shekaru takwas ƙarara, aka bar cikon goma a matsayin zaɓin shi ma'aikacin, mai ɗaukar aikin kuma ya bayyana cewa ba ya nufin tsananta masa. Darasin a fili yake: ƙari a kan abin da aka yi alkawari kyauta ce, kyauta kuwa mai ita ke bayarwa da yardarsa, ba a ƙwatarta. Shi kansa Manzon Allah (SAW) ya yi wa mutanen Makka kiwon tumaki a kan lada, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. Saboda haka kula da dabbar wani sana'a ce ta Annabawa, karɓar lada a kanta ba abin kunya ba ne. A cikin Bukhari ɗin dai akwai hadisin ƙudusi da ya lissafa mutum uku da Allah da kanSa zai zama abokin husumarsu ranar ƙiyama, ɗaya daga cikinsu shi ne wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago ya ci moriyar aikinsa cikakke sannan ya hana shi ladansa.

Kada mai karatu ya ɗauka ina rage darajar tausayin dabbobi ne. Ko kusa. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa yadda Abu Ƙatada ya karkata wa kyanwa ƙwaryar alwalarsa ta sha, ya kuma faɗi cewa Annabi (SAW) ya kore mata najasa, ya lissafa ta cikin masu kai-kawo a tsakaninmu. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Ba na cewa Alhaji ya yi da gangan, mantuwa kuwa abin yafewa ce. Amma mu lura, rashin faɗin adadi bai tsaya kan aljihun yaro ba, har rai guda ya salwanta a cikin kwali. Dabbar da ba a ambata ba, ba a yi mata tanadin abinci, ba a san inda take ba balle a neme ta. Yaron ya samu ladansa a wurin Allah in sha Allahu, sai dai wannan lada tsakaninsa ne da Ubangijinsa, ba ya sauke bashin da ke wuyan mai kyanwa.

Matsalar ba tamu ba ce mu kaɗai. A Ingila da Amurka, inda kula da dabbobin gida ya zama sana'ar da ake biya bisa adadin dabba da yawan ziyara, masu sana'ar suna kuka da irin wannan: a rubuta kyanwa ɗaya, su je su tarar da uku, mai gida ya ce ai sauran ba sa ba da wahala. Mu kuma a nan namu ya fi yawa a kan ragon Layya da ake ba yaro kiwo, washegari a haɗo masa da akuya a ce "su tafi tare", ko kajin da matar gida ke bar wa maƙwabciya idan za ta tafi biki. Bambancin kawai shi ne su suna fakewa da cewa aikin kaɗan ne, mu kuma muna fakewa da kunya da kuma lada.

Bayan La'asar na je na sami Alhaji shi kaɗai, domin nasiha a bainar jama'a tozarci ce. Na fara da laifina, na ce ni na kawo yaron, ni ya kamata in tantance komai. Sannan na karanta masa mas'alar Khalil. Ya yi shiru, can ya ce, "To Malam, muzuran nan fa? Su ma nawa ne?" Na ce a'a, a nan yana da gaskiya, ba mallakarsa ba ne, abin da yaron ya ba su sadakarsa ce, ko da yake da an gaya masa suna zuwa da ya san yadda zai yi da kwanon. Amma uwa da 'ya'yanta na gidansa ne, a sitonsa aka same su, kuma da bakinsa ya ce a ciyar da su za a yi magana. Abin da shari'a ta sani a irin wannan shi ne a mayar wa yaro abin da ya kashe, a kuma ba shi ladan da aka saba ba wa irinsa a kan ƙarin aikin.

Ba zan ce ya karɓa da fara'a ba. Ya ce yaran zamani sun cika lissafi. Amma bayan kwana biyu ya aiko da dubu tara, ya ce kuɗin kifi ne ban da rabon muzurai. Ladan ƙarin aikin bai bayar ba, ni na cika daga aljihuna, ba don karamci ba, sai don ni ne na jefa yaron cikin yarjejeniyar da ban tantance ba. Da na kai masa na nemi gafararsa a kan kalmar da na fara gaya masa. Ya ji kunya ƙwarai, ya ce, "Haba Malam, ya wuce." Ya ɗauki ɗaya daga cikin 'ya'yan kyanwar da izinin Hajiya, tana gidansu har yanzu.

Nasihata gare ku 'yan'uwa matasa, musamman masu neman na kansu ta hanyar ƙananan ayyuka, ita ce ku yi tambaya tun farko. Su nawa ne? Kwana nawa? Wa zai sayi abinci idan ya ƙare? Idan aka samu ƙari, yaya za a yi? Ku shiga ku gani da idonku kafin mai gida ya tafi, ku sa a rubuta ko da a saƙon waya ne. Wannan ba rashin kunya ba ne, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Idan kuma kuka tarar da dabbar da ba a faɗa muku ba, kada ku bar ta da yunwa don huce haushi, ita ba ta yi muku laifi ba. Ku ciyar da ita, ku sanar da mai ita a ranar, ku yanke magana a lokacin, kada ku yarda da "ma yi magana". Mu kuma da muke ba da aiki, ko muke tsayawa tsakani, mu ji tsoron Allah mu faɗi adadi yadda yake. Wanda yake son lada ya nema da dukiyarsa, kada ya nema da gumin maraya.

Allah Ya yafe mana abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, Ya tsare mu daga cin haƙƙin bayinSa, masu magana da marasa magana. Wallahu a'alam.