Kafin a kashe babbar kwamfuta, a duba wa ke ciki

A makarantar da nake koyarwa a nan Damagaram, makin yara ya bar littafi ya koma kwamfuta. Babba ɗaya ce a ofis, ita ce rumbunmu, sauran kwamfutocin duk cikinta suke shiga su ɗauko fayil. Ni aka ɗora wa kula da ita, kuma aikin da na fi bai wa muhimmanci shi ne duba fayiloli nawa ke buɗe, da wanda ya buɗe su.

Idan malamin lissafi ya buɗe fayil ɗin Excel na ajinsa ya tafi salla, fayil ɗin ya kulle. Malamar Faransanci ta zo, ba za ta samu ba sai na karantawa kawai. Tana sauri, sai ta shigar da makinta ta adana da wani suna. Fayil ya zama biyu ke nan. Ranar buga sakamako a ɗauki ɗaya, yarinyar da ta ci 14 bisa 20 ta koma gida da gurbi babu komai, uba ya hau ta da faɗa a kan laifin da ba nata ba.

Dubawar ba ta da wuya. A Windows ɗinmu na Faransanci ana shiga Gestion de l'ordinateur, sai Dossiers partagés, sai Fichiers ouverts. Nan za a ga kowane fayil da sunan mai riƙe da shi. Windows 10 ta yau da kullum ba ta karɓar fiye da na'urori 20 a lokaci guda, don haka wanda ya bar tasa a haɗe ya tafi yana iya tare wa wani ƙofa. Ana iya rufe fayil daga nan da ƙarfi, amma abin da mai shi bai adana ba yana iya salwanta. Shi ya sa nakan aika yaro ya kira shi tukuna. Kafin a tashi kuma sai na ga lissafin ya koma sifili nake kashewa.

Malamai, ku adana ku rufe kafin ku miƙe, kuma kada ku yar da littafin maki na takarda. Iyaye, in kun ga gurbi ko sifilin da bai yi kama da ɗanku ba, ku zo ku nemi a nuna muku takardar jarrabawarsa kafin ku yanke masa hukunci.